Jakar Kwanakin Mina: Abin da Za Ki Goya da Abin da Za Ki Bari a Masauki

In kina cikin maniyyatan bana, ko mahaifiyarki ce Allah ya kira, ko yayarki, ko uwar mijinki, matso kusa mu yi maganar wata 'yar jaka. Babban akwatin da ake cikawa da tsaraba ba ruwanmu da shi yau, yana can masauki a Makka yana jiranki. Ƙaramar nake nufi, jakar goyo, wadda za ki rataya ranar 8 ga Zulhajji in motoci sun zo kwasar ku zuwa Mina, ba za ki sake ganin sauran kayanki ba sai ranar 12 ko 13 ga wata. A wajen bita ana koya mana ɗawafi da jifa, ana faɗa mana abin da ke ɓata harami, amma da wuya ki ji an tsaya a kan nauyin da mace mai shekara hamsin za ta iya ɗauka a bayanta cikin zafin Makka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na haura shekara goma a bakin gadon marasa lafiya, kuma na ɗauka na san kan wannan magana har sai da na raka gwaggona aikin Hajji. Shekarunta 56 a lokacin, tana da hawan jini, gwiwarta ta dama kuma takan yi ƙara in za ta tashi daga sujada. Daren 7 ga wata ta gama haɗa kaya, ta ce in ajiye mata jakar a bakin ƙofa. Na sa hannu ɗaya zan ɗaga, jaka ta ce ba ta san zancen ba. Na aro ɗan sikelin rataye da wata 'yar ɗakinmu ta saya don auna tsaraba. Kilo 11. Ita kuwa Gwaggo duka-duka nauyinta kilo 68 ne.

Na zazzage kayan a kan gado. Zannuwa biyar, hijabi huɗu, fulas ɗin shayi, garin kwaki leda biyu, ƙuli-ƙuli, kwalbar yaji, kwalbar man shanu, buta, sandar sabulun wanki, kwanon silba da murfinsa, bargo, da wata 'yar katifar soso mai naɗewa da ta saya a bakin masauki.

Na ce, "Gwaggo, ƙaura za mu yi ne?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, rufe mini baki. Na goye ki, na goyi bakwai nawa, ga tulu a kaina. Wannan 'yar jakar ce za ta gagare ni?"

Goyon yaro daban, goyon jaka daban

Na san ke ma da kike karantawa abin da ke ranki ke nan, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Yaro ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo tara, mun goye su mun yi shara, mun yi daka, mun je unguwa mun dawo. Amma tuna yadda goyo yake. Yaro manne yake da bayanki, zani da majanyi sun ɗaure shi tam, nauyinsa ya zauna a kan ƙugu, ga shi shi ma ya maƙale ki da ƙafafu. Jaka ba ta riƙe kowa. Baya take ja, tana lilo, igiyoyinta suna yankar kafaɗa. Sannan wadda ta yi wancan goyon 'yar shekara ashirin da biyar ce, a tsakar gida, da inuwa kusa.

Daga shekara talatin zuwa sama tsokar jiki takan fara raguwa a hankali, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma. In al'ada ta ɗauke, wanda ga yawancin mata yakan zo tsakanin shekara 45 da 55, ƙashi yakan fara rasa ƙwarinsa da sauri. Guringuntsin gwiwa kuwa ya riga ya sha aiki. Wani bincike da aka buga a 2005 daga Jami'ar Wake Forest ta Amurka, a kan manya masu ƙiba da amosanin gwiwa, ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage a jikinsa yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu na matsi a kowane taku. Ki juya lissafin. Gwiwa ba ta tambayar ko kilon nan kitse ne ko garin kwaki, ɗauka kawai take yi, taku bayan taku.

Takun kuwa ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne akwai motoci, akwai ma jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2010 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, ga waɗanda tsarinsu ya haɗa da shi. Amma duk wadda ta je za ta gaya miki daren fita daga Arfa da safiyar sallah mota takan tsaya cak cikin cunkoso, ko ta sauke ku nesa da tanti, ko ki neme ta ki rasa. Daga Muzdalifa zuwa wurin jifa ana iya taka kilomita biyar ko fiye. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita uku ne, ban da ɗawafi. A Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba inuwa ba wurin hutawa. Allah ya jiƙansu. Saboda haka ki haɗa jakarki kamar babu motar da za ta zo.

Kashi ɗaya cikin goma

A ƙasar Sifen akwai wata tsohuwar hanyar ziyara ta Kiristoci zuwa birnin Santiago de Compostela. Mutane kan yi wata guda ko fiye suna tafiya a ƙasa, kusan kilomita 800, jakarsu a baya, da yawansu kuma sun ba hamsin baya. Ƙa'idar da suke bai wa juna ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ita. Ba dokar likita ba ce, wuya ce ta koya musu, kuma na ga tana aiki a kan matanmu. In nauyinki kilo 70 ne, iyakarki kilo bakwai, har da ruwan sha a ciki.

Sai dai ga ƙarin da zan yi a matsayina na nas. In kina da jiki sosai, a ce kilo 95 ko 100, kada ki ce an ba ki lasisin kilo goma. Gwiwarki ta riga ta ɗauki kayanta tun daga gida. Ke da mai ciwon baya, da mai ciwon zuciya, da mai asma, ku tsaya a kilo biyar, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi.

To, tunda kilon nan ƙidayayye ne kamar kuɗin cefane, maganar ta koma a kan me za a kashe shi. A nan ne na tafka nawa kuskuren.

Kuskuren da na yi wa Gwaggo

Na zauna na rage jakar nan daga kilo 11 zuwa shida, ina jin kaina gwana. Abin da na fara jefarwa gefe shi ne katifar soson nan, don ita ta fi cika ido, ta yi ƙato a saman jaka kamar an ɗaura ganga. Ban ɗora ta a sikeli ba. Da na ɗora, da na ga ko rabin kilo ba ta kai ba. Ita kuma Gwaggo, da na shiga wanka, sai ta lallaɓa ta mayar da fulas ɗinta da leda ɗaya ta gari, ta tura su can ƙasa. Muka fita da jaka mai nauyi wadda babu abin kwanciya a ciki.

A Mina ba mu ji komai ba, akwai 'yar katifa da matashi a tanti, ga na'urar sanyaya ɗaki. Muzdalifa ce ta tona mu. Fili ne fetal, sama ce rufinki, inda muka samu wuri kuma tsakuwa ce da ƙasa mai tauri wadda ta wuni tana shan rana. Gwaggo ta shimfiɗa sallaya ta kwanta. Da asuba na ce ta tashi, ta kasa. Baya ya riƙe, sai da ni da wata baiwar Allah 'yar Nijar muka kama ta muka miƙar. Mota ba ta samu isowa inda muke ba, muka kama hanyar Mina a ƙasa, tawa jakar a baya, tata a gaba, ita kuma tana dafe da kafaɗata. Ba mu yi nisa ba ta zauna a gefen titi ta ce in tafi in bar ta. A nan na buɗe jakarta neman magani, na ci karo da fulas, shayin ciki ko kurɓa ba a yi ba. Ta dube ni, na dube ta. Ba wadda ta iya yi wa wata faɗa.

Mun isa, alhamdulillahi, amma jifan ranar 11 sai wakilta ta na yi. Har yau in ta tuna takan ce da ƙafarta ta so ta je.

Abin da na koya shi ne, bayan shekara arba'in jiki ba ya yafe daren da bai yi barci ba kamar yadda yake yafewa a ƙuruciya. 'Yar shekara ashirin za ta kwana a kan siminti ta tashi ta kakkaɓe zani. Ke kuwa abin da zai mayar miki da ƙarfinki kafin gobe ya cancanci a ba shi wuri, ko da ya cika ido. Abin da tsoro kawai ya sa kika ɗauka, wai ko za a rasa abinci, ko za a rasa shayi, shi ne zai karya ki a hanya. Ki riƙa ɗora kowane abu a sikeli, ido yana ruɗi.

Ƙafa, inuwa, ruwa

Fara da ƙafa, don ita ce motar da ba ta makara. Mace a cikin harami tana da damar sa takalmi rufaffe da safa, wannan sauƙi ne da maza ba su samu ba, kada ki bar shi ya wuce ki. Ki nemi kambas mai taushin ciki da ɗan faɗi a gaba, domin ƙafa takan kumbura da zafi da tafiya. Kada ki saye shi ana gobe tafiya. Sabon takalmi bororo yake haifarwa, ki yi wata guda kina yawo da shi a gida. Safa ƙafa uku ta isa, a wanke a shanya. Silifas marar nauyi na shiga banɗaki. Filasta kaɗan, da ɗan basilin marar ƙamshi na shafawa a tsakanin cinyoyi da ƙarƙashin mama, inda gumi da gogayya ke saɓule fata. Matan da suka zo wurina a tanti suna tafiya a tattale sun fi waɗanda suka zo da zazzaɓi yawa, kuma kunya ta hana su faɗa da wuri.

Lema mai naɗewa, fara ko mai haske, ba ta kai rabin kilo ba, kuma a Arfa da hanyar jifa ta fi miki zani uku amfani. Ƙaramar kwalbar fesa ruwa a fuska ita ma ta ci kuɗinta.

Ruwa shi ne mai wuyar lissafi, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce cif. Ana raba ruwa a tantuna, akwai famfunan sha a kan hanyoyi, saboda haka ba sai kin goyi lita uku ba. Gora ɗaya ta lita guda, ki cika duk inda kika samu, kada ki bari ta ƙare kafin ki nemi wani. Na san dalilin da ya sa mata ke ƙin sha: layin banɗaki. Wallahi na gane, na tsaya a layin nan. Amma girma yana rage jin ƙishirwa, za ki iya bushewa ba ki sani ba. Ki duba fitsarinki, in ya yi duhu kamar shayi, kin makara da sha. Ki riƙe 'yan ƙunshin gishiri da suga na asibiti, ɗaya a lita guda. In kuwa kika ga 'yar'uwa ta fara sambatu, ko ta rikice ba ta gane mutane, ko jikinta ya yi zafi rau, ko tana amai, wannan ba gajiya ba ce. A kai ta inuwa, a jiƙa ta da ruwa, a yi mata fifita, a kira jami'an lafiya nan take. Lambar gaggawa a yankin Makka ita ce 911.

Magani ba a rage shi

Duk abin da za ki rage, ban da wannan. Maganin hawan jini, na suga, na asma, ki ɗebi na kwana bakwai ko da biyar za ki yi, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Ki raba biyu, rabi a jakar goyo, rabi a 'yar jakar wuya tare da katin Nusuk da wayarki, don in ɗaya ta ɓace ɗaya na nan. In cikin magungunanki akwai mai sa yawan fitsari, ki zauna da likitanki tun a gida ku tsara yadda za ki sha shi a kwanakin zafi, kada ki daina da kanki. Mai suga ta riƙe dabino ko alewa a inda hannu zai kai da sauri, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko taku ɗaya, ta kuma duba tafin ƙafarta kowane dare. Allurar insulin ba ta son zafi, ba ta son ƙanƙara, 'yar jakar sanyi ake sa ta.

Wani abu da ke damuna: matanmu da shan diklofenak da ibuprofen kamar gyaɗa in gwiwa ta motsa. A jikin da ya bushe da rashin ruwa, ga hawan jini ko suga, waɗannan suna iya taɓa ƙoda. Farasitamol ya fi aminci, da man shafawa marar ƙamshi. Tiramadol da kodin kuwa kada ki karɓi saƙon kowa, Saudiyya ba ta wasa da su, haka ma goro da hukumar alhazai ke gargaɗi a kansa duk shekara.

Sutura da abinci, a gurguje. Kaya biyu na canji masu sauƙin bushewa, hijabi biyu, ɗan mayafi mai kauri saboda sanyin na'ura a tantin Mina yakan sa tari. Bargo a bar shi. Ana ba da abinci a Mina da Arfa, ko bai yi miki daɗi ba zai riƙe ki. Ɗan yaji a ƙullin leda, ba kwalba ba, da dabino da ɗan abin taunawa, sun isa. Risho ko tukunyar gas kada ma ki yi tunaninsu, an hana su tun bayan gobarar Mina ta 1997 da ta ci fiye da mutum 300. Batirin ajiye caji ƙarami guda ɗaya, ba mai nauyin bulo ba. Tsakuwar jifa guda 49 ce, ko 70 ga mai kwana uku, kowace kamar ƙwayar wake, ƙaramar gorar ruwa da ta ƙare ta ɗauke su. Na ga wadda ta cika leda da duwatsu kamar za ta yi gini.

Ba kullum ake goya duka ba

Ga dabarar da tsofaffin alhazai suka sani. Tantin da kika sauka a Mina shi za ki dawo bayan Arfa da Muzdalifa. To, kayan canji da sabulu da sauran tarkace su zauna a kan katifarki cikin leda mai sunanki, ban da kuɗi da takardu. Abin da zai bi ki Arfa shi ne na wuni ɗaya da kwana ɗaya: magani, ruwa, lema, abin kwanciya, sallaya, ɗan abin ci, waya. Wannan bai kamata ya wuce kilo uku zuwa huɗu ba, kuma shi ne za ki ɗauka a tafiya mafi wuya.

Zuwa jifa kuwa jakar goyo ma a tanti take zama. Jakar wuya, gora, lema, tsakuwa, shi ke nan. Jami'an tsaro ba sa barin manyan kaya su hau gadar, kuma da dalili: a Hajjin Janairun 2006 fiye da mutum 340 suka rasu a mashigar Jamra, bayan da mutane suka yi tuntuɓe da kayan da suka zube a hanya. Game da sauƙin da aka yi wa mata da masu rauni, na barin Muzdalifa cikin dare ko wakilta wani ya yi jifa, wannan fagen malamai ne, ki tambayi malamin bitarku tun kafin ranar, kada ki bari sai kin galabaita.

Ita kanta jakar, ki guji mai siririyar igiya irin wadda ake zugewa, rabin awa ta isa ta sa hannunki ya yi sanyi ya dinga tsira-tsira. Ki nemi mai faffaɗan maratayi da soso a ciki, in da hali mai ɗamara a ƙugu. Ɗamarar nan ita ce majanyinki, ita ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso. Abu mai nauyi ya jingina da gadon bayanki, marar nauyi a waje da ƙasa, katifar soso a ɗaure a sama ko a gindi. Ki ja maratayan har jakar ta manne, kamar dai yadda kike gyara goyo in ya zazzago. Kafaɗa biyu, ba ɗaya ba. A kan hijabi za ki goya ta, don haka ki gwada da irin hijabin da za ki sa, wani yadin santsi gare shi.

Gwajin nan kuma a gida ake yinsa, tun ran gini ran zane. Saura wata biyu tafiya, ki haɗa jakar kamar gobe ne Mina, ki hau sikeli da ita, ki sauke ta ki sake hawa, bambancin shi ne nauyinta. Ki sa kambas ɗinki bayan sallar asuba ko da yamma, ki zaga unguwa minti ashirin, ki riƙa ƙarawa har ki kai awa guda ba tare da kin nemi wurin zama ba. In kina jin kunyar a gan ki da jakar 'yan makaranta, zaga tsakar gida, ko ki ja jikanki ku tafi tare a ce tasa ce. In kika ji ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko jiri, ki tsaya ki ga likita kafin ki ci gaba. Sannan dare ɗaya ki shimfiɗa abin kwanciyar da kika zaɓa a kan simintin tsakar gida ki kwana a kai. Jiki magayi, da safe zai faɗa miki ko soson ya isa ko sai an nemi mai ɗan kauri.

Bara ƙanwar Gwaggo ta samu kujera. Ina zuwa yi mata sallama na tarar Gwaggo ta riga ni, ta baje kayan a tabarma, sikeli a hannunta, tana ɗaga abu ɗaya-ɗaya. Katifar soso na gefen dama, wajen abin tafiya. Fulas na gefen hagu, ƙanwar tana ta miƙa hannu tana jawo shi, Gwaggo tana buge hannun.